Tsarabar Mantau

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Labarin yau sai na ji bakin kowa a kansa, har da ku masu gyangyaɗi a baya.

A garin Kwarin Ɗinya an yi wata mata, Tabawa mai ƙosai. Mijinta Mantau direban babbar mota ne, mutum mai fara'a, wanda ba ya dawowa daga Kurmi hannu rabbana. Yana tsakiyar ƙarfinsa ciwo ya kwantar da shi, ya rame har sai an ɗaga shi, ya rasu. Shi ne na farko a garin da aka ji likita ya ce ƙanjamau ce ajalinsa. Tun daga nan duk wanda ya kamu sai a ce, "Tsarabar Mantau ce." Allah ya tsare Tabawa ba ta ɗauka ba, amma ta shekara biyu tana soya ƙosai tana cinyewa ita da ɗanta Haladu, don ba mai saye. Daga baya masu saye suka dawo, maganar kuwa ba ta tafi ba. Shekara talatin tana jin ta a bakin rijiya da gidan biki, ba ta taɓa tanka wa kowa ba. Abu ɗaya take roƙon Allah, kafin ta mutu a daina kiran cuta da sunan mijinta, don tana sonsa har gobe.

Ana nan sai Dakta Zulai ta dawo gari. 'Yar Kwarin Ɗinya ce, da ƙosan Tabawa ta yi firamare, yanzu kuma bincike take yi a jami'a kan asalin ƙwayar cutar. Abin da ya kawo ta shi ne, a da idan majinyaci ya yi kaluluwa a wuya, akan ɗan yanki tsokar a daskarar da ita cikin kaki irin na kyandir, kamar ƙaramin sabulu, a sa lamba a ajiye. Ta je tsohon asibiti neman waɗannan, aka ce mata ai an ƙona su tuntuni. Ta zo gaida Tabawa jiki a sanyaye, ta ba ta labari.

Iya Kande na zaune a wurin tana jiran ƙosai. Ita ce ta yi wa asibitin shara har ta tsufa, ba ta san ko bihim ba a boko. Ta gyara zama ta ce, "Ni aka ba in ƙona. To, 'yar nan, naman ɗan Adam ake sa wa wuta? Ni ba da ni ba." Ashe ranar da aka ba ta, sai ta kwashe su a zani ta kai gida, ta naɗe su da farin ƙyalle, ta zuba a randa, ta liƙe bakin, ta binne a inuwa bayan ɗakinta, ta yi musu addu'a. Da an gane, da aikinta ya tafi. Sanyin ƙasa ya hana kakin narkewa. Sai da liman ya yarda, da sharaɗin za a mayar da su makwancinsu, sannan ta bari aka tono, tana tsaye a kai tana faɗa a yi a hankali.

Aka buɗe randa, ga su nan ɗari biyu da ɗoriya, kowanne da lamba. Sai dai littafin da ke faɗin mai lambar da shekarar, gara ta cinye shi tun tuni, kuma in ba shekara, aikin banza ne. Nan Tabawa ta tuna da Sista Rifkatu, tsohuwar nas, mai faɗa kamar me, wadda allurarta yara ke gudu har yau ko da ta yi ritaya. Wannan mata kullum da safe sai ta yi wa majinyatanta addu'a ɗaya bayan ɗaya, kuma don kada ta manta da kowa, takan rubuta suna da lamba da kwanan wata a 'yan littattafanta na addu'a. Tana da su cike da kwalla. Ta ba Zulai shekarar kowace lamba, ta nuna ta Mantau da izinin matarsa. Sauran sunayen ta dafe da tafin hannu ta ce, "Waɗannan tsakanina da Ubangiji ne."

Zulai ta tafi da tsokokin. Ta yi wa Tabawa bayani cewa ƙwayar nan tana ɗan sauya kama duk lokacin da ta wuce daga wani zuwa wani, kamar yadda jika ke ɗauko hancin kaka amma ba duka ba, don haka ana iya gane wadda ta haifi wata. Faɗi da sauƙi. Abin da ya rage a cikin kakin ya rududduge, sai ta yi ta harhaɗa gutsattsari. Shekara biyu tana abu ɗaya, na gaba da ita suka ce ta haƙura, ta ƙi. Duk sallah ta zo gida, Tabawa ba ta tambaya, sai dai ta ƙara mata ƙosai. A na ɗari da sittin da uku ta samu ƙwayar, a tsokar wani majinyaci daban. An yanki tsokar ne tun Mantau yana noma, bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai taɓa wuce kasuwar gari ba. Ƙwayar da ke jikin Mantau kuwa jikanyar waccan ce. A gida ya same ta, ba shi ya kawo ba.

A ƙofar mai gari aka yi bayanin. Ana gamawa, sai wani ya ɗaga murya, "To, wane ne wancan na farkon?" Rifkatu ta juyo ta dube shi irin kallon da take yi wa mai gudun allura, ta ce, "Kun gama da gida ɗaya, kuna neman na biyu? Shi ma a wurin wani ya samu." Mutumin ya sunkuyar da kai. Tabawa, wadda ba a taɓa ganin hawayenta a waje ba, ta zauna a ƙasa ta yi kuka har ta gode Allah, mata suka kewaye ta suna neman gafara.

Bayan wata biyu matar Haladu ta haifi mace, jikar Mantau ta farko. Haladu ya durƙusa ya ce, "Inna, ke za ki zaɓi suna." Ta ce sunan ɗaya daga cikin matan nan uku za a sa, don yarinyar ta tashi ta san wa ya wanke kakanta. Sai ta kasa zaɓa. Ta je wa Kande, Kande ta ce ita rami kawai ta haƙa. Rifkatu ta ce ita addu'arta take yi. Zulai ta ce, "Goggo, ni abin da suka ba ni na karanta." Ga rago a ɗaure, an raba goro, gobe suna, Tabawa na zaune da jaririya a cinya tana kiran sunayen uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta ji ya dace.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan: Kande, Rifkatu ko Zulai?