Turmin Ranar Suna

An yi wani mutum a garin Dumyat na ƙasar Masar, kafinta, gwanin sassaƙa gadajen amare. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana rubuce a kotu, can ma ya ishe shi.

Shekara shida yana haɗiyar ƙwayar tiramol kowace safiya kafin ya ɗauki zarto. Ya ce ba shaye-shaye ba ne, kayan aiki ne, kamar guduma. Da matarsa Nagwa ta samu ciki, ciwon baya ya hana ta sakat, sai ya ɓalla mata rabi.

"Sha mana. Ni da nake sha kullum, kin ga na mutu?"

Ta sha. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama biyu.

Da ta ce za ta je awo, ya hana. Wai ya ji a gidan shayi cewa in likita ya ga ƙwaya a jinin mai ciki, hukuma za ta karɓe ɗan. Bai tambayi kowa ko haka ne ba. Ya 'yan uwa, wane irin tunani ne wannan? Mutum ya ji tsoron takardar likita, amma bai ji tsoron abin da za a rubuta a cikinta ba.

Aka haihu a gida, namiji. A kwana na biyu yaro ya kama wani siririn kuka mai huda kunne, jiki na karkarwa, ya ƙi nono. Watanni ana shayar da shi abu a ciki, rana ɗaya aka yanke masa. Uban ya gane sarai. Ya san wannan karkarwar a nasa jikin.

Ranar suna gida ya cika. Cikin baƙin akwai Afaf, maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya. In ta ji kukan nan za ta gane, in ta gane kuwa magana ta fita. Sai ya shige ɗaki, ya murje ɗan ɓarin ƙwaya a cokalin ruwan sukari, ya ɗura wa jaririn. Gida ya yi tsit. Har hamdala ya yi.

Mahaifiyarsa, Hajja Ihsan, ta kwantar da jikanta a cikin rariya, kamar yadda al'adar sunan can take. Aka kunna kyandirori, aka watsa gishiri. Ta ɗauko turmin tagulla ta buga a gefen kunnensa, don ya zabura ya saba da hayaniyar duniya.

"Ka ji maganar uwarka! Kar ka ji ta ubanka, shashasha ne!"

Mata suka kwashe da dariya. Yaro bai motsa ba.

"Iye, namijin duniya!" in ji wata. "Ɗan kafinta kenan, tun a ciki ya ƙoshi da ƙarar guduma!"

Tsohuwa ta sake bugawa. A na uku taɓaryar ta suɓuce daga hannunta. Afaf ta duƙa, ta ga leɓɓansa sun yi shuɗi, ta sure shi har da rariyar ta fita da gudu.

Yaron ya rayu, da kyar. Hukumar da uban ya yi wata tara yana gudu ta same shi a bakin asibiti da rigar bikin suna a jikinsa. Nagwa ta faɗi komai tana kuka, aka tura ta neman magani, aka damƙa yaron hannun yayarta har ta warke. Shi kuwa aka ɗaure shi, aka kuma hana shi kusantar ɗansa. Abin da tsohuwa ta faɗa da wasa, alƙali ya rubuta shi da gaske.

Ya 'yan uwa, ɗan da ke ciki ba shi da bakin cewa a'a. Abin da uwa ta haɗiya shi ya haɗiya, wanda ya miƙa mata kuma zai amsa tambaya. Matata, Allah ya jiƙanta, shekara talatin da ɗaya tana goge irin wannan turmi, ba a taɓa buga shi a gidanmu ba, don Allah bai ba mu haihuwa ba. Shi kafintan nan an ba shi ɗa kyauta, ya ga rufin asirinsa ya fi numfashin ɗansa.

Wanda ya afka cikin shan ƙwaya, ya je ga likita tun da ƙafarsa. Kunyar kwana ɗaya ce.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ba su iso ba tukuna daga hannayenmu.