Tsuntsuwar Teku da Ɗanta na Fari

Dalilin da ya sa tsuntsuwar teku take yin ƙwai a kan tsurar dutse a tsakiyar ruwa, ba wanda zai gaya muku kamar ni, yara, don ni teku ta san ni. To, ƙafa ɗaya dai na tsoma mata a Ikko, ta taso, na bar mata takalmina.

Da can a bakin gaɓa tsuntsuwar nan take, a kan bishiya, da sheƙarta mai laushi. Ta ƙyanƙyashe ɗanta na fari. Kun san kunyar ɗan fari: uwa ba ta faɗin sunansa, balle a gaban uwar miji. Ita kuwa uwar mijinta a reshen sama take, ido ƙuri.

Wata rana 'ya'yan tsuntsaye suka sauka wasa a yashi. Ruwa ya ja da baya, ɗan nata ya bi shi yana tsintar ƙananan kifi. Uwar na daga sama, ta hango igiyar ruwa ta taso kamar katanga.

Ta ce, "Kai! Kai!"

To wane kai? Yara sun cika wajen, kowa kai ne. Bai waiwayo ba.

Maƙwabciyarta ta ce, "Baiwar Allah, kira sunansa mana!"

Ta buɗe baki, ta ɗaga ido, suka haɗa ido da tsohuwa. Sunan ya tsaya mata a maƙogwaro. Ta sake cewa, "Kai!"

Ruwa ya rufe shi.

Ta bi igiyar tana kuka, har wani ɗan tsibiri, dutse zalla, ko ciyawa babu. Ta ce, "Teku, ba ni ɗana."

Teku ta ce, "Na ɗebi 'ya'ya da yawa yau. Wanne ne naki? Faɗi sunansa."

Ta waiga. Ga dangin miji sun biyo ta, sun jeru a kan dutse suna kallo. Ta sunkuyar da kai. Teku ta jira, ta jira, ta tafi abinta.

Aka yi aka yi ta koma gida, ta ƙi. Aka ce to ko sheƙa ta yi, ta ce ba zama ta zo yi ba, da ya fito za su tafi.

Shi ya sa har yau take zaune a dutsen nan, ƙwanta a ƙasa ba shimfiɗa, iska na dukanta, tana kallon ruwa tana "kai, kai". Sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Nan na dasa aya. Can Hansatu, 'yar ƙanwata, ta ce, "Kawu, yaya sunan nasa?"

Na ce, "Barau."

"Wa ya gaya maka?"

"Ita da bakinta."

"Kawu! Yanzu fa ka ce ba ta taɓa faɗa ba!"