Haddar Takardar Bara

Duk ƙasar Makarfi, ka haɗa da Kudan da Ikara, ba a taɓa haihuwar mai kaifin hadda irina ba. Ni ne Uwaisu na Gubuchi. Abin da kunnena ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan, sai dai a binne ni da shi. Ina ɗan shekara tara na taɓa maimaita wa limaminmu huɗubarsa ta Juma'a daga farko har ƙarshe, har da wuraren da ya yi tari. Wannan baiwar ce ta sa na raina karatun kowa.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai ina koyarwa a firamaren garinmu. Ba ni da takardar shaidar malanta. Aji bakwai kawai na gama aka miƙa mini alli, saboda ƙarancin malamai. Duk da haka gari ya san ni da Malam, amaryata Adama kuma ana ce mata matar Malam. Kwatsam sai ga takarda daga Zariya, cewa duk malamin da ba shi da horo, ko dai ya ci jarrabawar shiga kwalejin horar da malamai a shekarar, ko ya ajiye alli. Mu biyu abin ya shafa, ni da abokin aikina Ja'afaru, wani mai nauyin kai da sai ya karanta layi sau biyar kafin ya shige shi.

Na san abin da ke jirana in na faɗi. Yayana Ashafa yana da injin matse rake a bakin fadama, inda yake dafa mazarƙwaila. Doki ne ke zagayawa yana juya injin, mutum na biye da shi tun safe har la'asar. Da ya ji labari, sai ya yi dariya ya ce, "Dokin nan nawa ya daɗe yana son a koya masa Turanci. In sun sallame ka, ga bulala can a rataye."

Na ce, "Yaya, nemi wani. Ni da rake sai dai sha."

Hedimastanmu, Malam Sama'ila, ya kira mu ofis ya ba mu takardar jarrabawar bara, haɗe da amsoshinta da ya rubuta da hannunsa. Ya ce, "Ku dubi yadda suke tambaya. Hanyar za ku koya. Wanda ya maƙale ya zo mu zauna bayan an tashi."

Ni a makarantar allo na buɗe ido, inda abin da ka haddace bana shi za ka tarar baɗi, ba a taɓa ko wasali ɗaya. Na ɗauka kowace takarda mai daraja haka take. Sai na shimfiɗa buzu a zaure, na naɗe ƙafa, na dinga biya takardar nan da ƙarfi ina rangaji. Kwana huɗu na haɗiye ta duka, lissafi da Turanci da labarin ƙasa, har da lambar shafi. Daga nan na naɗe ta na soke a rufin ɗaki.

Ja'afaru kuwa kullum yana ƙarƙashin mangwaron makaranta shi da Malam Sama'ila, suna canza lambobi suna sake lissafi. Wata rana na biyo ta wurin ina shan rake. Ya ce, "Uwaisu, zo ka gwada wannan. Mutum shida sun nome gona cikin kwana takwas..."

Na tare shi, "Mutum huɗu kwana goma sha biyu. Tambaya ta uku, shafi na biyu."

Ya ce, "To in mutum tara ne fa?"

Na ce, "Wa ya gayyato sauran ukun? Gwamnati ta ce shida, kai ka ce tara. Ka fi ta sani ne?"

Malam Sama'ila ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Akwai sauran wata biyu. Kujera na nan." Ban taɓa zama a kanta ba.

Ranar jarrabawa muka isa kwalejin da ke Zariya cikin motar 'yan kasuwa, na sha farar riga da Adama ta kai wa mai guga. Zauren ya fi masallacin Juma'armu girma. Kowane tebur da lambarsa da kwalbar tawada, an jera su nesa da juna. Malamin da ke tsaron jarrabawa ya ɗaga ambulan ɗin tambayoyin ya nuna mana ba a taɓa shi ba, ya yage a gabanmu, ya raba takardu a kife. Ni har tausayin sauran nake ji.

Aka ce a juya. Na juya, na nemi tambaya ta uku. Gonar tana nan, amma mutum tara ne, cikin kwana goma, ana tambayar mutum biyar. Na koma ta farko, ita ma an taɓa ta. Na duba bayan takardar ko ta gaskiyar tana can. Babu komai.

Na ɗaga hannu. Malamin ya zo ya sunkuyo. Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure, wannan ba ita ba ce."

Ya ce, "Wace ce ba ita ba?"

"Takardar. An canza ta."

Ya ce, "Kowace shekara ana canzawa. Yi aikinka." Ya wuce abinsa.

Ban taɓa jin shiru irin na zauren nan ba. Babu abin da ke motsi sai bakin alƙaluma a kan takarda, da agogon bango. Can gaba na hango ƙeyar Ja'afaru a sunkuye, hannunsa na tafiya a hankali, bai tsaya ba. Kaina cike yake fal, amma babu abu ɗaya a ciki da aka tambaya. Na yi ƙoƙarin tuno yadda aka yi shida da takwas suka haifi goma sha biyu, sai na gane ban taɓa sani ba. Gumi ya jiƙa farar rigar. Da na ga lokaci na tafiya, na tsoma alƙalami na rubuta goma sha biyu. A takardar Turanci aka ce a rubuta wasiƙa a kan tafiya a jirgin ƙasa, na zuba musu bayanin ranar kasuwa na bara, shafi biyu, ba kuskure ko ɗaya.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Ja'afaru ya tafi kwaleji, ni kuma na koma bakin fadama. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina bin doki a da'ira. Dawakai uku suka tsufa a gabana. Yaran da na koya wa abacada sukan wuce a kan keke su ce, "Sannu da aiki, Malam," in amsa ban ɗago ba. Amma kada wani ya ɗauka faɗuwa na yi. Ni na zaɓi haka.

Abin da nake gaya wa Jamila ke nan makon jiya, 'yar Yaya Ashafa, da ta zo gaishe mu tana shirin tata jarrabawar. Na ce, "Masu dubawa da suka ga rubutuna, sai da suka kira juna. Sau uku kwalejin nan tana aikowa in je, na ce ba zan bar yayana shi kaɗai da rake ba."

Ta ce, "Sau uku, Baffa?"

Adama na gefe tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, yarinyar nan jarrabawa za ta shiga. Sau ukun gaskiya ne. Amma kai ka je, ba su suka aiko ba. Ni na daka maka furar hanya duk sau ukun. Na farko suka ce babu sunanka, na biyu suka ce a daina barinka kana shiga, na ukun ka dawo ka yi mako guda ba ka yi wa kowa magana ba."

Jamila ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hadda daban, fahimta daban. Mai shirin jarrabawa ya nemi sanin yadda aka kai ga amsa, kada ya tsaya ga amsar kaɗai, domin tambaya tana sauya kaya kowace shekara. In malami ya ajiye maka kujera, ka zauna tun da sauran lokaci, ko da kana ganin ka fi kowa ƙwaƙwalwa. Wanda girman kai ya hana shi zaman wata biyu, yana iya shafe sauran rayuwarsa yana ƙirƙiro dalili.