Kushewar da Kalilu Ya Ɓoye

Akwai wani mutum a Sabon Birni, zamanin Turawa, ana ce masa Kalilu. Ya samu aikin awon gyaɗa a garin Isa, sai ya ƙudura sayar da gidan da ya gada. Mai saye ya fito, wani baƙon falke mai suna Maliki.

Alƙalin garin kuwa ba ya sa hatimi a takardar ciniki sai malaminsa ya zagaya gidan da shaidu biyu, ya rubuta duk abin da ke ciki: iyaka, rumbu, rijiya, har kushewa in akwai.

To, akwai. A kusurwar bayan gidan aka binne mahaifiyar Kalilu, Inna Habi, kamar yadda ake yi a zamanin da. Kalilu ya ji tsoron in baƙo ya ji, zai janye. Sai ya baje tudun da fartanya, ya jibga karan gero a kai. Tsoho Na'Allah, maƙwabcin da ya haƙa kabarin da hannunsa, Kalilu bai kira shi ba. Ya je ya ɗauko shaidu daga cikin sababbin zuwa.

Malamin alƙali ya tambaye shi har sau biyu ko akwai abin da ya manta. Gogan naka ya ce babu. Aka rubuta, aka sa hatimi, ya tafi Isa yana ganin ya yi dabara.

Bayan shekara biyu kewar uwa ta kama shi, ya zo don ya yi mata addu'a. Da ya shiga gidan, sai ya tarar da rijiya a kusurwar, wata mata tana jan guga.

Maliki ya gaya masa yadda aka yi. Masu haƙa sun ci karo da ƙasusuwa. An nemi wanda ya san mai su, aka tarar Na'Allah ya rasu, takarda kuma ta ce babu kushewa. Sai aka naɗe su a ƙyalle, aka kai maƙabartar bayan gari. Damina biyu ta bi ta kan wurin, yanzu ko shi ba zai iya nunawa ba.

Kalilu ya ce da ƙyar, "Innata ce."

Maliki ya ce, "Haba, ɗan'uwa! Ai da ka faɗa, darni za ni yi mata in kewaye. Ni ma ɗan mace ne."

Ranar Kalilu ya wuni a maƙabarta, yana tsayawa a kan kowane tudu yana addu'a, don bai san wanne ne nata ba.

Darasi: In za ka sayar da gida, faɗi duk abin da ke cikinsa, a rubuta. Abin da ka ɓoye wa takarda, babu mai tsare maka shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.