Littafin Malam Ɗanlami a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Ku gyara zama, wannan ba na dariya ba ne, ko da yake ni ba zan hana kowa ba.

Malam Ɗanlami, tsohon hedimasta a garin Rafin Gawo, yana da kwamfutar tebur wadda ta ga zamani. In an kunna ta, sai mutum ya yi alwala, ya sha kununsa, ya dawo ya same ta tana miƙa. Shekara goma sha ɗaya yana buga tarihin garin a cikinta da yatsa ɗaya: wa ya fara sare daji, wa ya haƙa rijiyar kasuwa, gidan wa ya haifi gidan wa. Da ya rasu, dagaci ya aiko cewa ranar sadakar arba'in za a karanta littafin a bainar jama'a. Aka danna kwamfuta, ta yi shiru kamar maigidanta.

'Ya'yansa uku suka dubi juna, kowa ya mai da idonsa ƙasa.

Tanimu, babbansu, shi ya zare na'urar daidaita wuta daga bayan kwamfutar ya kai wa firjin shagonsa, wai aron kwana biyu. Kwana biyun ya shekara. Ran da aka kawo wuta da ƙarfi, wani abu ya ƙone a cikin kwamfutar.

Kuluwa kuwa ƙauna ce ta ja mata. Ta ɗinka wa kwamfutar riga ta karan-miski har da aiki a wuya, irin wadda ake lulluɓe kayan ɗakin amarya, ba ta bar ko kafar allura ba. Fankar ciki ta rasa iska, zafi ya riƙa dafa faifan ajiya a hankali kamar ganda.

Sa'idu, wanda ya yi karatun abin, uban ya ba shi filashi ya ce ya kwafe littafin saboda halin rai. Ya ce an gama, Baba. Ashe bidiyon ƙwallon ƙafa ne cike a filashin.

Saura kwana huɗu, Tanimu ya ɗaure kwamfutar a bayan babur da zanen goyo, ya ratsa rafi ruwa har gwiwa, ya kai ta birni. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya tambaya a gaban layin jama'a ko gidan ba su san na'urar daidaita wuta ba ne. Tanimu ya ce sun sani, tana shagonsa tana sanyaya zoɓo. Aka yi masa dariya har da masu wucewa, amma bai tashi ba sai da aka sa sabon akwatin wuta, fitila ta kama.

Ta kama, sai dai faifan yana ƙwas-ƙwas kamar kaza a kan tire. Mai gyara ya ce shi ba zai taɓa ba, kunnawa ɗaya ta rage wa faifan. Sa'idu ya zo ya ciro ƙwaƙwalwar tasa kwamfutar ya ƙara wa tsohuwar, ya haɗa sabon faifai, ya goge ƙwallonsa kaf daga filashin, ya kwafe littafin wuri biyu yana fifita tsohon faifan da murfin kwano. Yana gamawa faifan ya yi shiru har abada.

Da aka dawo da kwamfutar gida, sai littafin ya ƙi buɗuwa, yana neman kalmar sirri. Aka gwada sunan garin, aka gwada na makaranta, a banza. Kuluwa ce kaɗai ta sani, don ita ke kai wa uban kunu tana ganin inda yatsan ke sauka. Sunan da yake kiran mahaifiyarsu ne in sun keɓe, ga uwar zaune a ɗakin cikin takaba, ga baffanni. Kuluwa ba ta iya bugawa ba, dole ta faɗa da baki. Ta rufe fuska da mayafi ta faɗa. Uwar ta juya ta fuskanci bango, littafi ya buɗe.

Shafi ɗari uku, babu abin da ya ɓata. A na ƙarshe Malam ya rubuta: "Na san inda na'urar wutata take. Na san babu komai nawa a filashin. Rigar ma na san tana shaƙe ta, amma ta yi kyau. Ban yi magana ba don kada yaran su ji kunya. Wanda zai karanta littafin nan kada ya tsallake ko layi ɗaya."

Kun ji tsohon malami. Ya ɓoye bulala a inda ya san dole a zauna a kanta.

Dagaci ya ce mutum ɗaya ne zai miƙe ya karanta tun daga bismilla har wannan shafin, kuma shi zai gaji kwamfutar da kujerar Malam. Tanimu ya ce shi babba ne, amma muryarsa ta dishe. Sa'idu ya ce ƙarami ba ya shiga gaban manya. Kuluwa ta ce ita ta riga ta faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinta.

Ba don Tanimu ba da ba ta kunnu ba, ba don Sa'idu ba da littafin ya bi faifan, ba don Kuluwa ba da yana nan a kulle. To, gobe arba'in, an riga an shimfiɗa tabarmi. Wane ne a cikinsu ya kamata ya miƙe gaban gari ya karanta?