Ranar da Aka Ɗauke Kwandon Don Evaristo

Akwai wani gidan abinci a bayan kasuwar garinmu, Atlixco, wanda ya girmi yawancin masu bibiyar wannan shafi. Doña Herminia ce ta buɗe shi tun tana amarya, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa rataya allon suna a ƙofa ba. Kowa dai ya san gidan Herminia.

Abincin ba wani abin a zo a gani ba ne. Romo, shinkafa, wake, zoɓo mai sanyi a tulu, sai kaza a miyar mole, wato miyar barkono da cakulan, ranar Lahadi. Amma matar tana da doka guda da ba a takawa: muddin mutum yana zaune, kwandon tortiya, wato gurasar masara, ba ya barin gabansa. Ko ya gama ci tun ɗazu, hira kawai yake yi, za a ci gaba da sauya masa masu zafi daga kasko. Sai ya miƙe don kansa ake ɗauke kwando. Ɗauke shi da wuri kuwa, a gidan nan, daidai yake da ka ce wa mutum ya tashi ya ba ka wuri.

Wanda ya fi kowa morar wannan doka shi ne Don Evaristo, tsohon direban bas. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tsallaka Amurka neman abinci, gidansa ya zama shiru kamar an yi shara. Da rana ta take zai kifa hularsa, ya zo ya zauna a ƙarshen dogon teburi kusa da taga, ya ci, sannan ya yi zamansa har yamma. Kujerar nan ita kaɗai ta rage masa a duniya inda ake kiran sunansa a yi masa dariya.

Nicanor mahauci shi ne abokin tsokanarsa.

"Don Evaristo, wai haya kake biya a kujerar nan ko gado ka ci?"

"Kai dai je ka wanke hannu kafin ka yi min magana. Tun kana bakin ƙofa nake jin ƙarnin akuya."

"Ƙarnin nan ne ya sa romonka ya yi daɗi, tsoho!"

Haka ake yi kullum, teburi ya kaure da dariya.

Da Doña Herminia ta rasu, gidan ya koma hannun ɗanta Leobardo. Ya yi aiki a wani otal a babban birni, ya dawo da farar riga mai guga da hanci a sama. Ban ce mugu ba ne. Mutum ne dai da ya koyi kallon kujera kafin ya kalli wanda ke kanta.

A kicin akwai Inna Chayo, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta tsufa a bakin kasko. Ita yake kai wa ƙorafi a kan Don Evaristo.

"Inna, mutum ya cinye abinci cikin ɗan lokaci, sannan ya kwashe yini a kujera? Wannan gidan abinci ne ko tashar mota?"

"Ɗana, mutumin nan shi ya kai uwarka asibiti a bas ɗinsa ranar da za ta haife ka. Ka bar shi ya zauna."

"To ai an haife ni, Inna. An gama."

Ta dube shi kawai, ta juya tortiyarta.

Wata Lahadi wasu baƙi suka shigo daga birni, maza da mata, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoton bango da tukwane. Gida ya cika, babu wurin zama. Leobardo ya leƙa ko'ina, idonsa ya sauka a bakin taga. Don Evaristo ya daɗe da gama cin kazarsa. Yana tsaka da ba Nicanor labarin wata tsohuwa da ta taɓa shigo masa bas da talotalo biyu, hannunsa ɗaya yana kan kwando.

Leobardo bai yi masa tsawa ba. Da ma tsawar ya yi, da ta fi sauƙi. Zuwa ya yi da murmushin otal, ya zare kwandon daga ƙarƙashin hannun tsohon, ya goge gabansa da tsumma, ya juya ga baƙin ya ce, "Ku ɗan dakata, ranku ya daɗe, yanzu wuri zai samu."



Don Evaristo ya dubi inda kwandon yake, ya dubi yaron. Labarin talotalo ya tsaya a nan. Ya dafa teburi ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa.

"Na gode, ɗana. Abinci ya yi daɗi."

Da ya zo wucewa ta gaban baƙin, sai ya ɗan rusuna ya ce, "A ci lafiya." Ya fita.

Nicanor ya ture farantinsa, da sauran nama a ciki.

"Leobardo, ni ma ɗauke nawa. Kada in wahalar da kai ka dawo sau biyu."

Baƙin suka zauna. Suka ɗauki hoton miyar ta sama da ta gefe, suka ce yaji ya yi yawa, suka bar rabi a faranti, suka tafi. Ko sunan gidan ba su tambaya ba. A kan waɗannan aka tashi Don Evaristo, kuma wannan ne abin da har yau yake ci min rai.

Washegari kujerar taga ta yini babu kowa. Ranar da ta biyo baya ma haka. Inna Chayo ta tare Leobardo a ƙofar kicin.

"Ka je gidansa. Ba wani dogon abu ba ne, ka ce Don Evaristo, na yi kuskure, ka dawo."

"Haba Inna, zai dawo da ƙafarsa. Ina zai je? Wa zai dafa masa?"

"Abin da ya sa nake ce maka ka je ke nan."

"To, na ji. Gobe."

Goben nan ta yi ta ja da baya. Leobardo ya san ya yi laifi, amma girman kai ya riƙe masa ƙafa. 'Yan dogon teburi kuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, suka koma cin abinci a tsaye a rumfunan kasuwa. Nicanor ya je ya roƙi tsohon ya biyo su can, ya ƙi.

"Ni na wuce cin abinci a tsaye, Nicanor. Kuma ba zan sake zama inda za a jira in tashi ba."

Ya koma sayen burodi da gwangwanin wake, yana ci shi kaɗai a ɗakinsa. Ya rame, ya daina fitowa. Da damina ta tsaya, maƙwabciyarsa ta ga har rana ta yi tsaka bai buɗe taga ba. Aka ɓalle ƙofa, aka same shi a kujerarsa ya cika.

Labarin ya iso wa Leobardo. Ana gobe za a rufe addu'o'in mamaci, ya kulle gidan abinci, ya shiga kicin da kansa. Ya soya barkono, ya niƙa riɗi da gyaɗa da cakulan, ya tsaya a kan tukunya yana juyawa har hannunsa ya yi bororo. Inna Chayo ta ce ko uwarsa ba ta taɓa yin mole kamar wannan ba.

Ranar da aka rufe addu'o'in mamaci, ya rungumi tukunyar ya kai gidan. Tsakar gida cike da mutane, kowa ya kawo abin da ya samu: wannan shinkafa, wannan wake, wannan kofi da burodi. Ya ajiye tasa a tsakiyar teburi, ya buɗe murfi, ƙamshi ya cika gidan.

Babu wanda ya zage shi. Sun amsa gaisuwarsa, har kujera aka ba shi. Aka fara zuba abinci. Shinkafa ta ƙare, wake ya ƙare, aka kankare ƙanzo. Mutane suna miƙa hannu ta saman tukunyarsa su ɗebi na gefe. Wata yarinya ta kai ludayi, uwarta ta riƙe mata hannu.

Leobardo ya matsa kusa da Nicanor.

"Don Allah ku ci. Dominsa na dafa."

Nicanor bai ɗaga murya ba.

"Dominsa? Ai yana nan kusa, Leobardo, layi biyu tsakaninku. Yunwa ya yi ta ji yana raye. Yanzu ya ƙoshi."

Da taro ya watse, maƙwabciyar ta mayar da murfi, ta miƙa masa tukunyarsa da hannu biyu, ta ce an gode. Haka ya ratsa tsakiyar kasuwa da ita da rana tsaka, nauyinta na ranƙwafar da shi, masu rumfuna suna kallo. Kowa ya san daga inda take, kowa kuma ya ga ba ta ragu ba.

Inna Chayo ta ɗaga murfi. Man da ke saman miyar ko motsa shi ba a yi ba. Ta rufe, ta kwance ƙyallen da ke ƙugunta, ta rataye a ƙusa.

"Ni ban taɓa zubar da abinci a gidan nan ba," in ji ta. "Kai za ka zubar da wannan da hannunka."

Darasi: Kada ka wulaƙanta wanda ya daɗe tare da kai don ka burge wanda zai wuce gobe. Idan kuma ka riga ka yi, ka je ka ba da haƙuri yau, tun mutumin yana iya jin ka, domin alherin da ka kai bayan an binne shi ba ya amfanar kowa. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana ta cewa "gobe".