Dokin Ƙofar Bunsuru Wanzami

An yi wani tsohon Bunsuru a garin dabbobi, wanzami ne tun yana saurayi, kuma har gemunsa ya yi fari fat bai ajiye zabira ba. Hannunsa dai bai taɓa rawa ba, wannan kowa ya shaida. Aibinsa guda ne, ya tsani a ce masa ya tsufa. Shi zai dubi tsakiyar kanka ya gaya maka sanƙo ya kama ka, amma kada ka kuskura ka ambaci furfurarsa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Matarsa Akuya irin matan nan ce da ba sa tauna magana. Sai amininsa Jaki, mai haƙurin gaske, wanda askar kowa ba ta taɓa kansa sai ta Bunsuru.

Sa'o'in Bunsuru da yawa sun bar sana'a, suna zaune a inuwa 'ya'ya na ciyar da su. Shi ma nasa 'ya'yan sun yi sun yi ya huta, ya ce in ya zauna haka nan ciwo zai kama shi. Nan kam da gaskiyarsa, domin aikin ne ke kawo masa hira da dariya, kuma yana son abinsa.

A zauren gidansa yake aski. Zauren na da wani dokin ƙofa mai tsawo, har gwiwa, wanda ya gina tun da ƙuruciya don kada ruwan damina ya shigo. Kowace safiya sai ya ja da baya, ya haye shi da tsalle guda, sannan ya waiwaya ya ga ko an gani.

Akuya ta sha faɗa masa a rage abin nan, a cike ramukan daɓe, a kafa gora a jikin bango don dafawa. Ita kanta sai ta zauna a kai ta juya ƙafafu ɗaya bayan ɗaya take iya fita.

"Gidana ba gidan gajiyayyu ba ne," in ji shi.

"To na wa ne, Malam, na 'yan makaranta? Dubi gemunka."

"Furfura gado ce a gidanmu."

"Ƙarar da gwiwarka ke yi in za ka miƙe, ita ma gadon ce?"

Sai ya kama wasa aska kamar bai ji ba.

Ana nan, masu zuwa aski suka fara raguwa. Tsohon Rago ya ɗauke ƙafa, Sa ya bi bayansa. Bunsuru ya ɗora laifin a kan wani Zomo da ya buɗe shagon aski da inji a kasuwa, har yana cewa an yi wa zaurensa asiri. Da Jaki ma ya daina zuwa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya soma tsoron ko sana'ar ce za ta bar shi tun bai bar ta ba. Akuya ta ce ya je ya tambaye su mana, ya ce wanzami irinsa ba ya bin gida-gida roƙon kai.

Ranar kasuwa, da ya ga hanya ta cika, sai ya ƙudura zai nuna wa gari cewa da sauransa. Ya rataya zabira, ya ja da baya fiye da kullum, ya daka tsalle. Kofaton baya ya harɗe da dokin ƙofa, sai ga wanzami a ƙasa, asake sun watse, ƙafa ta goce.

Aka gyara ƙafar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Masu dubiya suka yi ta zuwa, amma tsofaffin abokansa duk daga waje suke tsayawa su miƙo sannu. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka gudunsa ake yi. Can sai ga Jaki ya leƙo, gashi ya yi masa buzu-buzu har ya rufe ido.

"Ashe Zomon naka bai iya aski ba?" in ji Bunsuru da gatse.

"Ni ban je wurin kowa ba, aboki. Na sha zuwa nan in tsaya, in ɗaga ƙafa ta ƙi ɗaguwa, in juya in koma gida. Kunyar gaya maka na ji, kai da kake tsalle."

Bunsuru ya ɗaga kai ya dubi waɗanda ke tsaye bayan Jaki. Ga Rago, ga Sa, kowa kai ya cika ba kyan gani. Ba wanda ya guje shi, da hannunsa ya gina abin da ya tare su. Kunya ta rufe shi, har ƙwalla ta zo masa. Akuya ta buɗe baki, ta tuna majinyaci ne, ta ajiye maganar sai ya warke.

Shi da kansa ya ce a kawo gatari. Aka sassare dokin ƙofar ya koma gangara mai sauƙi, aka haƙa kwata a gefe don ruwan damina ya sami hanya. Jaki ya yi ta jigilar jar ƙasa a mangala, aka sake daɓe sumul. Akuya ta sami gorarta a bango, aka matso mata da randa kusa da ɗaki, aka kuma kawo wa maigidan kujera mai majingini, ya koma yin aski a zaune.

Ƙafa ta warke da ɗan ɗingishi, tsalle kuwa an yi sallama da shi. Zaure ya sake cika da tsofaffi, ana aski ana musu a kan wanda ya girmi wani. Jaki ne ya fara shigowa, ya miƙa kai, kafin a gama gefe guda har ya soma minshari.

Darasin wannan labari shi ne, tsufa ba ya hana mutum sana'ar da yake so, girman kai ne ke hanawa. Wanda ya yarda shekaru sun ja, ya gyara gidansa daidai ƙarfin gwiwarsa, zai daɗe yana aikinsa lafiya, kuma tsararrakinsa za su sami hanyar shigowa wurinsa.